Baƙin Zoben Garbai Mai Hoto

Duk wanda ya shigo maƙerata a nan Gure, kafin ya gama sallama idonsa ya kai kan wani zobe da ke rataye a ƙusa, saman zuga-zugi. Faɗinsa ya kai bakin kofin shayi, baƙi ƙirin, ko ɗigon ƙyalli babu. Sai ka ji an ce, "Abarshi, wannan kuma mantawa ka yi da shi a wuta?" Ban manta ba. Shekara hamsin ina ƙera awarwaro da zobba da ƴan kunne, ban taɓa barin aiki da baƙi ba sai wannan, kuma na Garbai mai hoto ne.

Garbai taubashina ne, ɗan Gwaggo Yabawa ƙanwar babana. Ya girme ni da shekara uku, har yau kuma bai bar ni na manta ba. Ni yana ce mini ɗan kawu, in ya so tsokana ya ce sarkin gawayi. Ni kuwa mai hannu ɗaya da rabi nake ce masa, kuma da dalili.

A Kwarin Kunkuru aka haife shi, can bayan Gidigir, inda aka kai Gwaggo aure. Wanda bai ga kwarin nan a da ba, wallahi ba zai yarda ba in na faɗa masa. Ka yi ta tafiya cikin rairayi har ƙafa ta gaji, sai kawai ka leƙa ƙasa ka ga kore shar: goruba, dabino, rogo, rake, ga kanwa fara fat a tsakiya. Ruwa kuwa da hannu ake tona shi. Shekarar da aka kai ta, Gwaggo ta dasa itaciyar dabino a gefen gabas, ta riƙa yi mata ban ruwa da ƙwarya har ta kama. Daga kan itaciyar nan Garbai ya faɗo yana da shekara goma sha biyu, ya hau satar dabinon uwarsa. Hannun hagu ya karye, aka ɗora, ya warke a karkace. Ba ya iya riƙe hauya yini guda, masaba kuwa babana ya ba shi sau ɗaya ya karɓe abarsa. Shi ya sa aka tura shi Damagaram wurin wani Bayarabe mai ɗaukar hoto.

Ya dawo Gure da wando mai faɗin ƙafa da kyamara ƴar Rasha rataye a wuya, wadda ya saya wurin wani ɗalibi da ya dawo daga karatu. Ya buɗe shago kusa da kasuwa, ya rataya labule mai zanen jirgin sama da gidan bene. Kai, Garbai ya ci zamaninsa! Ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, masu jarrabawa, masu neman takardar ɗan ƙasa, amare da kitsonsu, makiyayan Kelle da Gamu da ke zuwa ran kasuwa, duk sun tsaya gaban labulen nan. Akwai wanda ya rantse sai an ɗauke shi da raƙuminsa, aka kwance labulen aka fitar da shi waje. Yana da rediyo marar batir da agogon da ba ya tafiya, na aro, don mai son ya fito da kaya a hoto. Ka shiga tsoffin gidajen garin nan ka duba bango, da wuya ka rasa aikinsa.

Gilashin gaban kyamarar, wanda ake murɗawa a cire, shi yake kira ido. Kyamara a wurinsa akwati ce kawai, ido ne mai aikin. Kullum safe sai ya hura masa iska ya shafe shi da wani guntun tsohon rawani da ba a yarda kowa ya taɓa ba. Na taɓa ɗaukar tsumman nan na share hannu, sai da muka yi kwana uku ba gaisuwa.

Shekarar fari ta tamanin da huɗu Gwaggo ta rasu. Bayan an yi sadakar bakwai, Garbai ya hau tudun yamma da hantsi, ya jingina da wata aduwa, ya ɗauki kwarin gaba ɗaya, itaciyar uwarsa tana can gefen gabas. Da shekara ta zagayo ya sake komawa ya ɗauka. Da ya ajiye hotunan biyu kusa da juna, sai ya ga tudun gabas ya matso, ya cinye goruba huɗu. Tun daga nan bai fasa ba. Kowace shekara in dabino ya nuna, aduwar nan, hantsin nan, idon nan. Na ce masa, "Wai kai wa ya sa ka? Gwamnati ce ta ɗauke ka aikin gadin rairayi?" Ya ce shi dai yana so ya san ranar da zai iso wurin itaciyar.

Da waya mai hoto ta shigo, sana'a ta mutu a tsaye. Shagon ya koma hannun masu cajin waya, labulen jirgin sama aka yi inuwar awaki da shi. Garbai bai yi ƙorafi ba. Ya tattara sauran fim ɗinsa a gwangwanin madara, ya binne cikin damshin rairayin gindin randa don kada zafi ya kashe su, yana ciro ɗaya duk shekara. Fim ɗin ya tsufa, sai ya ƙarar da guda sukutum kafin ya samu hoto ɗaya mai kyau.

Bara waccan abubuwa uku suka haɗu masa. Fim ya rage biyu. Likita a Damagaram ya ce ciwon idonsa ba mai warkewa ba ne, ɗan ganin da ya rage ma tafiya zai yi. Sannan labulen cikin kyamarar, wanda ke buɗewa ya rufe in an danna, ya yage don tsufa. Ga shi masu zuwa daga kwari suna cewa rairayi ya kai wa itaciyar Gwaggo wuya. Hoto na arba'in ke nan zai ɗauka, kuma kowa ya san shi ne na ƙarshe.

Ɗiyarsa Nasira, da ke koyarwa a lakwal a Damagaram, ta ce, "Baba, in ɗaukar maka da wayata mana." Ya ce waya ƙarya take yi, tana mayar da na nesa ƙanƙane, ba za ka iya jera hotonta da sauran ka gane inda rairayi ya tsaya ba. Yarinyar kirki, ba ta yi musu ba. Ta yi ta yawo wurin masu tsoffin kaya har ta samo masa wata kyamara ƴar Japan mai cin fim, lafiyarta ƙalau, sai dai nata idon ya tsage. Murna ta koma ciki, don bakinsu bai zo ɗaya ba. Idon Garbai murɗa shi ake yi ya shiga kamar murfin kwalba, ita kuwa sabuwar wasu kunnuwa uku gare ta, a tura a juya kaɗan ta kama.

Da safe sai ga shi a maƙera, yana lalube da sanda, jaka a kafaɗa.

"Sarkin gawayi," ya ce, "aure na kawo maka ka ɗaura."

Ya zazzage kayan a tabarma, ya yi mini bayani. Za a cire bakin tsohuwar kyamara mai murɗi, a cire gindin tsagaggen idon mai kunnuwa, ni kuma in ƙera zobe in haɗa su. Na ce wannan ai aikin rabin yini ne. Ya yi dariya ya ce, "Tsaya tukuna. Tsakanin ido da fim akwai tazarar da ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. In zoben ya yi kauri ko da kaurin farce ne, na kusa zai fito, na nesa ya yi dishi-dishi. Ni kuwa na nesa nake nema."

Da kansa ya kwance tsohuwar. Ya karɓi ƙaramin turnabis ɗina na kwance ƙusa, yana laluben kan kowace ƙusa da farce. Shekara kusan hamsin tana rataye a ƙirjinsa. Na miƙa hannu in taimaka, ya buge mini hannu. Da bakin ya fita, ya naɗe sauran gangar jikin a tsumman rawani, ya mayar jaka. Sannan ya ciro wata munduwar tagulla ya ajiye a kan uwar maƙera. Kallo ɗaya na gane aikin babana ne, ita ce ya ƙera wa Gwaggo da za a kai ta ɗaki.

"Da wannan za ka yi," ya ce.

Na narka, na zuba, na buge, na huda tsakiya, na haɗa da sinadari. Sai aka shiga wahalar gaske. Garbai ya buɗe bayan kyamarar, ya manna wata ƴar takarda da ya shafa wa man gyaɗa daidai inda fim yake kwanciya, ya ce in lulluɓe kaina da rigarsa in duba. Subhanallahi, sai ga Gure a jikin takarda, kai a ƙasa ƙafa a sama! Ya ce in nemi dogon ƙarfen waya na bayan gari. Na ce ga shi amma kamar an shafa masa kunu. Ya ce, "Rage." Na cire, na goga da magagari, na mayar. "Rage." Kwana huɗu muna wannan. Mata masu kawo gyaran ƴan kunne suna tarar da ni, dattijo da jikoki, kaina cikin rigar wani ina leƙen akwati. Rana ta uku na ce wallahi in ya sake ce mini rage zan jefa abin a rijiya in bi shi. Ya ce in rage tukuna, rijiya ba inda za ta.

Rana ta huɗu da la'asar na leƙa, sai ga ƙarfen tsaf, har tsuntsun da ke kansa ina gani. Na yi ihu. Garbai ya shafa zoben, yana nan da baƙin wuta da hayaƙi, ya ce, "Alhamdu lillahi. Bar shi haka yadda wuta ta bar shi. Ka ɗaure ƙusoshin kawai, gobe in zo in karɓa."

To, a nan na yi abin da na yi. Bayan ya tafi na zauna ina kallon zoben. Tagullar Gwaggo, aikin babana, in fitar da ita baƙa kamar gindin tukunya? A gidanmu tun kakanni ba a taɓa yi ba. Babana in ya ga ɗigon baƙi a bayan ɗan kunne, inda ba mai gani, sai ka sake shi. Na ce a raina Garbai dai ba ya gani ne, shi ya sa bai damu ba. Na jiƙa tsamiya, na kawo toka da lallausan rairayi. Ban taɓa fuskar da muka auna ba, amma gefensa na yi masa zanen gidanmu, cikinsa kuwa na goge shi har ina ganin haƙorana. Na ɗaura ido a kai, na ji daɗin kaina ƙwarai.

Washegari ya shafa gefen ya ji zane. Ya ce, "Maƙeri dai ba ya jin magana." Ya yi murmushi ya rataya a wuya. Bai cire idon ya taɓa ciki ba, ni ma ban ga abin faɗa ba.

Muka shiga motar kat-kat ran kasuwar Gidigir, daga can amalanken shanu. Muka kwana a kwari wurin Mamadu, ɗan ƙanen babansa, wanda gidansa na cikin biyar da suka rage. Da hantsi muka hau tudu. Garbai ya jingina bayansa da aduwar, ya sa gwiwar hannu a wani gurbi da ya sani, ya murɗa idon har ƙarshe, ya ce in leƙa in gaya masa ko itaciyar tana gefen dama. Na ce tana nan. Haske ya ɗan yi yawa a ciki, amma na ce ai gabas muke kallo. Ya yi ta dannawa har fim ya ƙare. Ya ƙi sauka wurin itaciyar, ya ce sai ya ga hoto.

A gida ya shiga ɗakin duhunsa ya wanke. Wannan aikin ba ya neman ido, da hannu ya san komai. Ya miƙo mini fim ɗin yana ɗiga, na ɗaga a bakin ƙofa. Kowane hoto da baƙin tabo a tsakiya. Muka buga ɗaya a takarda, tabon ya fito fari fat, ya cinye rabin kwarin har da itaciyar.

Na gaya masa. Ya ce, "Fim ya mutu. Ɗan'uwansa ma tare suka tsufa, haka zai yi. Shi ke nan, ɗan kawu, talatin da tara ma Allah ya amfana." Ya zauna a bakin ƙofa, ya kwance kyamarar daga wuya ya ajiye a ƙasa. Ban taɓa ganin ya ajiye kyamara a ƙasa ba.

Raina bai kwanta ba. Na ɗauke ta na tafi da ita, da hantsi na fita bayan maƙera, na buɗe bayanta na fuskanci gabas yadda muka yi a tudu. Wayyo ni! Zoben nan nawa ya kama rana yana walƙiya, yana watsa haske ko'ina cikin akwatin, sai da na runtse ido. Fim ba shi da laifin komai. Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin in yi shiru, tunda ga wanda aka ɗora wa laifi kuma ba ya magana. Na sha ruwa, na zaga maƙera sau biyu, na sa takalmi.

Na same shi a zaure. Na ce, "Garbai, cire idon nan ka sa yatsa a ciki." Ya cire, ya zagaya da yatsa, ya ji santsi. Ya sake zagayawa. Na tsaya ina jira ya zage ni, wallahi da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Can sai ya ce, "Gwaggonka ke nan. Ita ma ko tukunyar tuwo sai ta kankare gindinta, kullum tuwonmu sai ya makara." Ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa. Ni ban iya dariyar ba, kunya ta hana ni.

Da hannuna na ɓata aikina. Na bi cikin zoben da magagari mai kaushi na kakkarce shi, na kunna fitilar kananzir na ɗaga lagwani, na riƙe shi da awartaki a kan hayaƙi. Na kankaro baƙin na dama da ɗan ƙaro kaɗan, yadda malamai ke haɗa tawada, na shafe ciki da waje har zanen ya ɓace. Sau uku ina shafawa ina shanyawa. Na sake fuskantar rana da shi, shiru, duhu kawai.

Kafin mu sake samun mota kwana goma sha biyu sun wuce, dabino ya kusa ƙarewa. Na aika wa Mamadu ya bar mana ko nono ɗaya a itaciyar. Garbai ya tono gwangwanin, ya ciro fim na ƙarshe, ya miƙa wa Nasira, da ta zo hutu, gwangwanin ya ce ta zuba gishiri a ciki. A kan tudu na tsaya a gefensa na tallafe karkataccen hannun. Ya danna, ya danna, har abin ya ƙi juyawa.

Wannan karon ya ce mu sauka. Na riƙe shi muna nutsewa har ƙauri. Itaciyar da a da sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi, yanzu kanta kawai ke waje, ganyen a baje kan rairayi, nonon dabinon da Mamadu ya bari yana kwance a ƙasa. Garbai ya zauna dirshan, ya lalubo, ya tsinko da hannun nan na hagu, ya sa a baki.

"Shekara sittin da ta kayar da ni," ya ce, "yau ga ta ta sauko da kanta."

Ranar wanki ban iya zama ba, sai kai da kawowa nake a tsakar gida har Nasira ta ce, "Baba Abarshi, za ka haƙa mana rami." Da ya miƙo fim ɗin ban yarda da idona ba sai da muka buga a takarda. Na ga kwarin yana fitowa a hankali cikin ruwan magani, tsaf, ba tabo. Goruba goma sha bakwai na ƙirga. Can gefen dama ga ɗan kan itaciyar, kowane ganye a rarrabe.

Nasira ta shimfiɗa tabarma ta jera duka arba'in. Na farkon ya yi ja don tsufa, cike da itatuwa. Garbai ya durƙusa a gaban na ƙarshe, ya kai shi har bakin hanci, ya mayar.

"Ta fito?"

"Ta fito. Kanta kawai."

"Sa mini yatsa a kai."

Na kama yatsansa na ɗora. Ya daɗe bai ɗaga ba. Sannan ya jawo kyamarar, ya murɗe idon ya naɗe a tsumman rawani, ya juya zoben ya cire, ya lalubo tafin hannuna ya sa mini.

"Ungo, sarkin gawayi. Ya gama aikinsa. Je ka goge shi yadda ranka yake so."

Garbai yana nan da ransa, a zaure yake yini, ba ya ganin ko hasken ƙofa yanzu. Kullum bayan la'asar nakan je mu yi faɗanmu. Bara Mamadu ya zo kasuwa ya ce rairayi ya rufe itaciyar, sun ma fara shirin tashi. Na rasa yadda zan gaya masa, ashe ya riga ni ji, cewa kawai ya yi a zuba mini shayi.

Zoben kuwa na kawo shi maƙera, na jiƙa tsamiya a ruwan zafi, na kawo toka, na zauna da shi a hannu har tsamiyar ta yi sanyi. Na kasa. Na tashi na buga ƙusa na rataye shi. In ka zo ka kalla da ido, amma kada ka taɓa mini, baƙin yana fita.